Kafaɗar Yaya Mikail

Ranar da Baba ya rasu, baffanninmu suka zaunar da Yaya Mikail a ƙofar gida, wai ba zai iya tafiya maƙabarta ba. Kuma abin haushi, gaskiya suka faɗa. Wana ne, ya haura talatin, an haife shi da larurar da likitoci ke kira Down syndrome. Mahaifiyarmu, Ya Ruƙayyatu, don tsabar so ba ta barin shi ya ɗauki ko buta. Sai zama, sai ci. Daga ɗaki zuwa zaure ma sai ya yi haki.

Da muka dawo, ya riƙe rigata yana kuka: "Abdulwahab, babana ne ni ma."

Malam Nicodemus, maƙwabcinmu a Limanti, tsohon malamin makaranta, yana wurin ya ji. Shi kullum da safe yakan zaga unguwa saboda hawan jini. Bayan sadakar bakwai sai ga shi a ƙofarmu, wai yana neman abokin tafiya.

Ya Ruƙayyatu ta tashi da faɗa: "Malam, za ka kashe min bawan Allah?"

Malam ya ce, "Hajiya, tabarmar nan ce za ta kashe shi."

Da fari iyakarsu masallacin bakin layi. Daga baya suka kai kasuwa, har gada. Yaya Mikail ya rage ƙiba, numfashi ya daidaita, ga surutu! Duk mai shayin hanya sai an gaisa. Ya da kanta ta koma wanke masa takalmin tafiya, tana yi tana mita.

Bara Allah ya karɓi ranta. Ana ɗaga makara, Yaya Mikail ya kutsa ya sa kafaɗa a gaba, ɓangaren dama. Kun san yadda ake yi: kowa ya ɗan taɓa, wani ya karɓe shi, a raba ladan. Baffa Garzali ya matso ya ce, "Kawo, ɗana, ka gaji."

"Baba ban kai shi ba," in ji shi. "Ita zan kai ta."

Kusurwa uku suka yi ta canza hannu, tasa babu wanda ya sake miƙa wa hannu. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, amma ko tuntuɓe bai yi ba. Ni ina bayansa, ina hawaye, kuma wallahi ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da wana ran nan ba. Bai sauke ta ba sai a bakin kabari.