Gizo-gizon da ke Cikin Kwalba

Kwana biyar ke nan da ƙurji ya fito wa tsohon kafinta a ƙwauri, ya kumbura suntum, tsakiyarsa ta fara baƙi. Autarsa, mai aikin gwaje-gwaje a asibiti, ta same shi a shago ya miƙe ƙafar cikin garin katako, ga wata kwalba a gefensa da gizo-gizo a ciki.

"Ga mai laifin nan," ya ce. "Kai wa mutanen asibitinku su gani."

"Baba, ka ga lokacin da ya cije ka?"

"Sai na gani? Haka ya yi wa mai walda na bayanmu. Direban nan ma haka. Ke, uwarki fa?"

Kai, tsohon nan akwai taurin kai! Amma da ya ambaci Umma sai ya fama wa Auta ciwo. Shekara uku ke nan da rasuwarta, har yau in ta shigo shagon sai idonta ya kai kan kujerar da Umma ke zama tana yi masa tsiya wai ƙusa ta fi shi miƙewa. Da irin wannan ƙurjin ta fara. Maƙwabta suka ce cizo ne, aka yi ta gashi da ruwan zafi har mako biyu. Kafin a kai ta asibiti cutar ta shiga jini.

Auta ta durƙusa a gabansa. Ta ce a ɗakin gwajinsu, yawancin masu zuwa da labarin cizo, in an ɗebi ruwan ciwon an duba, ƙwayar cuta ake samu, gizo-gizo bai ji ba bai gani ba.

"Na'urarku ba ta san uwarki ba," ya ce a hankali. "Ciwon nan irin nata ne. Ki bar mini abina."

Ashe kewa ce, ba gardama ba. Ita ma kewar ce ke cin ta. Ta buɗe jaka ta zaro takardar da ta ɓoye masa shekara uku don kada ya zargi kansa.

"Gwajin Umma ne. Ba cizo ba ne, Baba, ƙwayar cuta ce, kuma tana da magani. Mu muka makara. Na rasa ɗaya, wallahi ba zan iya rasa biyu ba."

Babu tabarau a idonsa, amma sai da ya lalubo sunan da yatsa, ya daɗe a kansa. Can ya buɗe kwalbar, gizo-gizon ya ruga bayan katakai. Ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa.

"Ɗebi abin da za ki ɗiba."

Ta miƙa hannu za ta karɓi takardar, ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji.

"Wannan kam ki bar mini. Da sunanta a jiki."