Tambayar Kofur Haggai

A 2004 aka tura ni bita Kaduna, na dawo baki cike da sabon karatu: majinyaci ba jiki ba ne kawai, yana da zuciya, yana da ruhi, kuma duk aikin nas ne ta kula da su. Gaskiya ce. Matsalar ita ce yadda na riƙa ji da kaina, sai ka ce ni na ƙirƙiro ta.

Doka ɗaya na fi nanata wa ɗalibaina a makarantar koyon aikin nas. Idan mara lafiya ya yi miki tambayar addini, kada ki amsa masa da naki addinin, ki mayar masa da tambayar, ki ji shi me yake gani. Ina da dalili. Rabin ajin Kiristoci ne, rabi Musulmi, kuma na sha ganin yarinyar da ba ta iya ɗaura bandeji ba ta mayar da ɗakin jinya wurin wa'azi.

Da damina na kai su asibiti a Zuru koyon aiki. A ɗakin maza akwai wani tsohon soja, Kofur Haggai, hantarsa ta gama lalacewa, likita ya ce sai dai a lallaɓa. Na ba ɗalibata Leah shi, na ce ta zauna ta ji damuwarsa. Minti biyar ba ta yi ba ta dawo.

"Malama, ya ƙi. Ya ce ya san kakana, tare suka yi noma. Ya ce ke yake so."

"A kira mishi fasto mana."

"Faston ɗan ƙanensa ne."

Haka Zuru take, duk wanda ka taɓa dangin wani ne. Ni kaɗai ce baƙuwa, mutuniyar Argungu. Na gyara mayafi, na yafito ɗalibai shida, har da Leah, su zo su ga yadda ake yi. Har yau ina jin kunyar wannan yafitowar.

Tsohon ya dube su, ya dube ni, ya ga ba shi da sauran lokacin jira. Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Lokacin yaƙin basasa ne, suna gadi a bakin wani rafi da safe, ciyawa ta motsa, ya yi harbi. Mace ce da tulu. Shekara talatin da biyar bai gaya wa kowa ba, har matarsa ta mutu ba ta sani ba.

"Sista, kai ba na gida ba ne, ba za ka ji kunyana ba," in ji shi da Hausarsa ta bariki. "Allah zai yafe mini?"

Amsa tana bakina. Tun ina ƙarama na san rahamar Allah ta fi laifin bawa, kuma na san a cocinsu ma haka ake faɗa. Amma ga biro shida a bayana suna jira. Na yi murmushin da aka koya mana a Kaduna.

"To kai, Baba, mi kaka gani?"

Ya kalle ni. Sannan ya juya fuskarsa bango, ya ja zane ya rufe kafaɗa.

Washegari na koma ni kaɗai tun kafin a raba magani. Na ja kujera, na ce, "Baba, Allah na yahewa. Wallahi yana yahewa." Idonsa a buɗe, amma ciwon ya riga ya hau kansa, bai san wa ke magana ba. Kwana uku ina zuwa ina maimaitawa, har masu jinya suka fara kallona. A na huɗu na tarar an naɗe katifar.

Ƙarshen zango, tambayar ta fito a jarrabawa, ba ni na sa ta ba. Mutum yana bakin mutuwa, ya tambayi nas ko za a gafarta masa, me za ta yi? Leah ta cika shafi guda da rubutunta mai kyau. Ta kawo labarin Kofur, ba ta ambaci sunansa ba, ta rubuta tambayar da na mayar masa kalma da kalma, ta ce wannan shi ne misalin da ya kamata kowace nas ta bi.

Na duba takardar amsoshin da aka ba mu. Daidai ta rubuta, ko wasali ba ta kuskure ba. Na ɗauki jan biro, na ba ta goma bisa goma.