Farantin da Bai Kamata Ya Yi Ja Ba

Duk wanda ya ji aikina sai ya yi dariya. "Haba Dakta Hauwa, duk bokon nan a yis kika ƙare? Ai da gidan burodi kika buɗe." Ni kuwa ba ni da lokacin gardamar banza. Yis ɗin ne dai da ke kumbura fanke, amma nawa shekara uku na yi ina fama da shi a wani ɗan ɗakin gwaji a Kaura Namoda. Na dasa masa wata ƙwayar gado da ke kwance shiru, ba ta motsi sai ta haɗu da gubar dalma. Da ta ji dalma a ruwa sai ta farka, yis ɗin ya rine ya koma ja. In ruwan lafiyayye ne, ya zauna fari kamar nono.

Ranar Litinin muka jera faranti bakwai ni da Tersoo, ma'aikacin ɗakin gwajin, mutumin Binuwai da ya girme ni, ya kuma fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Shida na ruwan rijiyoyin Shinkafi da Galadi ne. Na bakwai shi muke kira shaida, wato ruwa mai tsabta da ake gwada sauran da shi. Dole ya zauna fari, in ba haka ba aikin duka ya tashi a banza.

Laraba da safe muka buɗe. Shida farare tas. Na bakwai ja, kamar an ɗiga masa manja.

Nan take na hau Tersoo da faɗa. "Wa ya taɓa min farantin nan? Sau nawa zan ce a riƙa canza safar hannu?"

"Dakta, hannuna bai kai can ba," ya ce, ko ɗaga murya bai yi ba.

Muka wanke komai, muka dafa kwalabe, muka sake shuka. Juma'a na bakwai ya sake yin ja, har ya fi na farko duhu. Sai na koma zargin yis ɗin kansa. Na ce shi ke nan, ƙwayar gadon farkawa take yi ba dalili, shekara ukuna sun bi ruwa. Wallahi don takaici har hawaye na yi.

Tersoo ya bari na gama, sannan ya ce, "Dakta, injin tace ruwa sati biyu ke nan da mutuwa. Wane ruwa kike zubawa a na bakwai?"

Na nuna masa jarkar da ke ƙarƙashin tebur. Ruwan rijiyar gidanmu ne na Dauran. Duk Litinin Inna, mahaifiyata, ke aiko min da shi ta hannun Hafizu mai babur, don ni ruwan Kaura ba ya kashe min ƙishi. Rijiyar nan maƙwabta layi suke yi a kanta saboda daɗinta. Da ita na girma, to me zai sa in yi tantama?

Tersoo ya miƙe. Ya fita ya sayo ruwan leda, ya shuka faranti biyu, ɗaya da na leda, ɗaya da na jarka. Asabar da Lahadin nan ban san ɗanɗanon abinci ba.

Litinin da safe na leda fari fat. Na jarka ja.

Ashe yis ɗina lafiyarsa ƙalau, ni ce na ƙi jin abin da yake faɗa. Na zauna daɓas, abu ya dawo min. Da na je gida da Babbar Salla na tarar da ƙanena Sagir a bayan gida yana fasa tsofaffin baturan sola yana zare dalmar ciki. Baƙin ruwan baturan yana kwarara cikin wani ɗan rami, taku biyar daga bakin rijiya. Har sannu da aiki na yi masa. Ni fa! Ni da na kwashe shekara uku ina koya wa yis ya gane dalma!

Kuma Ummi tana can. Ɗiyata ce, shekararta biyu, wata huɗu ke nan da na kai ta yaye wurin Inna.

Na zaro waya kamar mahaukaciya, alhali na san an yanke layin waya a jihar gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Motocin Zurmi, waɗanda nake hawa zuwa Dauran, sun daina tashi. Babu abin da ya rage sai in jira Hafizu. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hanya. Tersoo ya fito ya tsaya kusa da ni, ya ce yana yi wa yarinyar addu'a. Na nemi gafararsa kan faɗan da na yi masa.

Bayan azahar Hafizu ya iso, sabuwar jarka ɗaure a bayan babur.

"Hajiya, Inna na gaishe ki. Ɗiyar taki ce dai ba ta jin daɗi, kwana ukku ke nan sai barci. Shekaranjiya ta ɗan sandare, idanu suka juye, amma abin ya sake ta." Ya yi murmushi don ya kwantar min da hankali. "Ta ce kada ki damu. Abinci ne dai ta ƙi, amma ruwa kam, alhamdu lillahi, tana sha sosai."

Na kwance igiyar, na ture jarkar ƙasa, na haye wurin da take. Hafizu ya ce hanya ba kyau yau, mutanen daji sun fito da safe. Na ce ya tayar da babur.