Ranar da Baba Toma Bai Yi Gyangyaɗi Ba

Tun da ofishinsu na binciken noma ya tura Othniel taron bita a Habasha, aka daina jin daɗin zama da shi a Samaru. Wasu kan dawo daga tafiya da atamfa ko takalmi, shi kuwa butar ƙasa mai dogon wuya ya kawo, da ƙullin 'ya'yan gahawa, da bakin da ba ya rufuwa.

Ko gaisawa kuka yi a bakin titi sai ya kai ka gonar gahawa. Wadda ake nomawa a tsaunukan Habasha, in ji shi, ƙamshin fure take yi, da ɗan tsamin lemo. Ta Mambila kuwa, da wani abokinsa ke aiko masa daga Gembu, mai sanyin hali ce, ba ta cizon harshe. Duka biyun irin arabika ne. Sai robusta ta ƙasa mai zafi, da yake saye a shagon Amaechi a kasuwar Sabon Gari, mai ɗaci kamar maɗaci. Duk wanda ya ce masa ai yana shan ta gwangwani a wajen mai shayi, sai ya dube shi kamar zai yi masa ta'aziyya.

Matarsa Ƙauna ta fi kowa jin jiki, don ya ƙwace kaskon suyar gyaɗarta da turminta.

"Baban Happiness, jiya miyar kukata warin abin nan naka ta yi."

"Ni kuma gahawata daddawa ta yi. Wa ya fi asara?"

"Kai dai je ka nemi masu sha, ka bar mini turmina."

Maganar ta zauna masa. Ranar Lahadin godiyar girbi, dattawan cocinsu suka taru a ɗan ɗakin baya kafin sujada, sai ga Othniel da flas uku. Ta Habasha a butar ƙasa ya dafa. Ta Mambila ya tace ta da ƙyalle, yana tsiyaya ruwan zafi a hankali. Robusta kuwa tafasa ta ya yi a tukunya har ta yi baƙi ƙirin.

Dattawa suka kukkurɓa don kara. Wani ya nemi madara, Othniel ya yi kamar bai ji ba. Ya nufi Baba Toma, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda kowa ya san da zarar an fara wa'azi sai kansa ya sauka a ƙirji, ba ya ɗagowa sai an sa albarka.

"Baba, ta Habasha ce wannan. Kada ka haɗiye da sauri. Me ka ji?"

"Na ji ruwan zafi."

Ya ba shi ta Mambila. Baba Toma ya ce ta ɗan yi ƙoƙari. Da robusta ta taɓa harshensa kuwa sai ya gyara zama.

"Yawwa! Ga abin maza. Ƙaro mini, ɗana."

Ya yi ta zuba sukari yana sha har flas ya ƙare.

Fasto Sebastian yana da wani labari da jama'a suka haddace, na wani dattijo da burkutu ya kusa halakawa, har Faston ya yi masa addu'a ya daina. Kullum yakan ƙarasa da nuna bencin dattawa ya ce, "Ga shi can, yanzu ko barcinsa na salama ne." Ran nan bai duba ba ya ɗauko labarin. Ya nuna benci, sai ya ga idanu biyu tarwai suna kallonsa.

Baba Toma ya miƙe.

"Fasto, wai ni kake nufi?"

"Baba, zauna mana, za mu yi magana daga baya."

"Yaushe na daina? Jiya ma na sha a Bomo. Ga Susanna nan cikin zumuntar mata, ita ta auna mini!"

Susanna ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Coci ya kece da dariya, mawaƙa suka yi maza suka tada waƙa don a rufe zancen. Baba Toma ya fi kowa ɗaga murya, ya shiga layin masu kai baikon amfanin gona yana rawa, har ya ɗauki doyar wani ya kai gaba. Ƙauna ta mintsini Othniel a cinya, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari da yamma Fasto ya yi sallama a gidan Othniel. Othniel ya kawo masa gahawa kofi ɗaya. Fasto ya shinshina, ya kurɓa.

"Ta Mambila ce," ya ce. "A can na fara aikin bishara, masu gona kan ba ni. Amma ka ɗan ƙona ta wajen suya, shi ya sa zaƙin ya ɓuya."

Othniel ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Bai taɓa jin daɗin kushe irin wannan ba. Suka yi ta hirar wuta da kasko kamar ba abin da ya faru, sai da Fasto ya kai ƙofa ya juyo.

"Ɗan'uwa, abu ɗaya nake roƙo. Ranar Lahadi kada ka ba Baba Toma komai. In ya matsa, ba shi kunu."

Sai dai an makara, Baba Toma ya riga ya shiga kasuwa da kansa ya sayo tasa. Lahadin da ta biyo a bencin farko ya zauna, ido buɗe, hannu a bayan kunne. Fasto Sebastian ya daɗe yana juya shafukan Littafi, sannan ya yi wa'azi a kan Yunusa cikin kifi, labarin da ya tabbata babu mai shaidarsa a Samaru.