Gaskit da Madubin Uwargida

Kwana huɗu barkonon Dogo bai ga ruwa ba. Injin ban-ruwan ne ya ƙi tashi. A ja igiya ya yi tari sau biyu kamar tsoho mai mura, ya koma ya yi shiru. Ganye ya langaɓe, fure ya fara zuba, kuma da barkonon nan gidan kaf zai ci abinci bana.

Da hantsi Dogo ya kwance kafireton injin, inda fetur ke haɗuwa da iska, ya shimfiɗa buhu a ƙofar ɗaki, ya je ya taso Kawu. Kawun nan shekara talatin yana gyaran inji kafin hannu ya fara masa rawa. Yanzu baki kaɗai ke aiki, shi kuwa bakin ba ya hutu.

Suka raba kafireton biyu. A tsakani akwai 'yar takardar nan mai hana fetur yoyo, gaskit suke ce mata. Ta bushe, ta ƙone, ta manne wa ƙarfen kamar tare aka haife su.

"Jiƙa shi a kananzir," in ji Kawu. "In rana ta juya ka kankare da tsinken itace."

"Rana ta juya? Kawu, ka ga gonar kuwa?"

"Ina ganin gona tun kana tsotson yatsa. Jiƙa."

Ya jiƙa. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa gona, ya dawo. Gyangyaɗi na ɗaukar Kawu, Dogo ya lallaɓa ya jawo sukundireba. Gefe ɗaya ya ɓamɓaru tsaf, har ya yi murmushi. Ya ƙara dannawa. Sai hannu ya zame, ƙiii, ya ja wa fuskar ƙarfen zane daga nan har can. Ashe ƙarfen kafireto laushi gare shi.

Bawan Allah bai ta da Kawu ba. Ya ɗora sabon gaskit ɗin da ya tanada a kan zanen, ya ɗaure, ya mayar jikin inji, wai ko abin zai rufa masa asiri. Yana buɗe fetur, ɗis, ɗis, ɗis. Ya ja igiya har kafaɗa ta sage. Ko tarin ma yanzu babu.

Warin fetur ne ya tashi Kawu. Ya sa aka sake kwancewa, ya bi wurin da farce.

"Wa ya yi wannan?"

"Haka na gan shi."

"Haka ka gan shi! Kwaɗo ne ya shigo da wuƙa? Ɗan nan, sabon kafireto irin wannan sai an yi sati kafin a kawo."

Sati. Dogo ya zauna daɓas a ƙasa. "Kawu, don Allah. Barkonon nan gobe ma ba zai kai ba."

Kawu ya ɗaga murya ya kira matar Dogo: "'Yata! Miƙo madubinki."

Uwargida ta leƙo da kumfa a hannu. "Madubi kuma, Kawu? Injin ne zai yi kwalliya?"

"Duk gidan nan shi kaɗai ne shimfiɗaɗɗe. Har kan mijinki a karkace yake."

Aka kwantar da madubin a ƙasa, aka ɗora samfefa mai laushi, takardar nan ta goge ƙarfe, aka ɗiga kananzir. Kawu ya ce a kifa ƙarfen a goga, zagaye-zagaye, ba dannawa, har zanen ya ɓace. "In ka ci gefe ɗaya fiye da ɗaya, shi ke nan, sai ka ɗauki bokiti."

Dogo ya goga. Yana kallon inuwar katanga tana tsawo, hannu na so ya yi sauri, Kawu na zungurinsa da sanda. Yatsu suka sale, kananzir na shiga yana zugi. Ya ɗaga, zanen na nan. Ya ɗaga, saura kaɗan. Uwargida ta karɓe shi da hannunsa ya gaji, ta fi shi iyawa ma.

Rana ta yi ja kafin su ɗaure. Ja na shida injin ya kama, tiyo ya kumbura, ruwa ya tafi.

Dogo ya bi shi da gudu, yana buɗe masa hanya da fartanya. Kunyoyi uku na can ƙarshe sun riga sun zama ƙirare. Bai ko tsaya ba. Ya tare bakinsu da laka, ya juya ruwan wajen masu sauran rai.