Takardu Ashirin da Bakwai na Dakta Marrinan

Aikin da Farfesa Alastair Dunleavy ya ba ni a ofishinmu na Adelaide ba mai wuya ba ne. Kwamitinsa ne ya fitar da littafin ƙa'idojin duba lafiyar mutane tun kafin ciwo ya kama su: yaushe za a fara auna hawan jini, yaushe za a duba zuciya, wace shawara likita zai ba mai shan taba. Littafin ya shekara shida, ana so a san tasirinsa a kan masu bincike. Ni dai nawa in ƙirga takardun binciken da suka ambace shi.

Na samu ɗari biyu da goma sha huɗu. Da na jera su bisa sunan marubuta, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Ashirin da bakwai daga hannun mutum guda suka fito, wani Dakta Leith Marrinan, likita a ƙaramin asibiti can bayan garin Katherine. Ina likitan ƙauye ya ga lokacin wannan rubutu? Na tona, sai ga shi tsohon ɗalibin Farfesa ne. Na ce a raina, wato malami ya rubuta littafi, ɗalibi yana ta ambatonsa don lamba ta kumbura.

Na tari Farfesa a wurin haɗa shayi, na ambaci sunan. Ya daina juya cokali.

"Bronwyn, ƙirge na sa ki. Ban ce ki karanta ba."

Wannan amsa ita ta sa na kira Marrinan a waya can Katherine.

"Wa ya ba ki lambata?" in ji Marrinan, ko gaisuwa babu. "Alastair ne ya turo ki ki ji me nake shiryawa?"

"Ba wanda ya turo ni, Dakta. So nake in san dalilin da ka ambaci littafin malaminka sau ashirin da bakwai. Ko alkawari kuka yi?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ke baiwar Allah, kin karanta ko guda?"

Kanun takardun kawai na gani.

"Littafinku ya ce a fara duba zuciya a shekara arba'in da biyar. Makon jiya muka binne wata mata, shekararta talatin da takwas, 'ya'yanta uku. Mutanen da nake dubawa a nan, da yawansu ba sa kaiwa shekarun da kuka yanka. Je ki karanta, in da gaske ba aiko ki aka yi ba." Ya kashe wayar.

Kwana huɗu ina karatu. Duk ashirin da bakwai ɗin shafi guda suke suka, shafin shekarun fara duba zuciya. Na koma kan sauran, na tarar da wasu arba'in da ɗaya su ma ƙorafi suke yi, daga Broome, daga Cairns, daga tsibiran arewa. Na raba rahotona gida biyu: masu bin littafin da masu ja da shi.

Farfesa ya karanta a tsaye, ya rufe ƙofa.

"Tun yaushe kike magana da Leith?"

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe, kuma shi ma zargina yake."

"Haka dai kika ce."

Rahoton ya fito da babbar lambar a shafin farko, rabe-rabena kuwa can ƙarshe da ƙananan haruffa. Wata likitar yara a kwamitin, Dakta Imelda Saliba, ta karanta har ƙarshen, ta nace sai an gayyato Marrinan zaman bitar littafin. Ya kira ni sau biyu yana tambaya ko tarko ne. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Ya zo, da fayil cike da jaka.

Bayan wata goma aka sauke shekarun zuwa talatin ga mutanen waɗannan yankuna. Farfesa ne ya yi sanarwar, ya ce tun da daɗewa abin yake damunsa.

Ni kuwa da wa'adin aikina ya ƙare a watan Yuni, ba a sabunta ba. An ce sashen ne ake ragewa. Mu tara ne a sashen, kuma ni kaɗai na kwashe kayana.