Ɓerayen Amira a Bayan Shago

Shekara goma sha tara Abdulganiyu ya yi yana kiwon ɓerayen gwaji a labo, ɗakin binciken kimiyya, kuma babu inda sunansa ya taɓa fitowa sai a takardar albashi. Mutum ne mai tsabta da ƙwazo, ba a raba shi da wannan. Sai dai in aka yabi wani a gabansa, wuni yake yi abin na cin ransa.

A 2014, da fita daga unguwar PK5 a Bangui ta zama sayar da rai ga Musulmi, shi ya loda ɓeraye ashirin da huɗu a tasi daga labo ya kawo su bayan shagon wansa a Kokoro, nan cikin unguwar. Na Amira ne, ɗalibar da kammala karatunta ya rataya a kansu. Dukansu ana ciyar da su kitsen shanu da suga har hantarsu ta yi kitse. Rabi ana ɗura musu metformin, maganin ciwon suga, rabi ruwa zalla. Bayan mako goma sha biyu za a duba hantar, a ga ko maganin ya rage kitsen. Masu shan magani Amira ta shafa musu jar tawada a wutsiya.

Shi ke kwaɓa abinci, shi ke kwashe kashi, shi ke riƙe ɓera ta ɗura. Amma kullum da la'asar in Farfesa, malamin da ke duba aikinta, ya bugo waya daga cikin gari, "Ba ni Amira" kawai yake cewa. Abdulganiyu na tsaye da tsintsiya zai ji ana cewa yarinyar nan jaruma ce, ta riƙe kimiyya cikin harbe-harbe. Yarinyar da a gabansa ta koyi kama ɓera, tana ihu. Haushi yake ji ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

A mako na goma aka tafka ruwa da azahar. Kwano ya yi yoyo, katakon da kejin ke kai ya karye. Da ƙyar suka tsinto ɓerayen cikin taɓo, sun cakuɗe, tawadar ta wanke tas.

Amira ta durƙusa tana jujjuya wutsiyoyi ɗaya bayan ɗaya. "Kawu, kai ka fi kowa saninsu. Za ka iya ware min masu magani?"

Zai iya mana. Tun ranar farko ya bi masu maganin ya yi musu 'yar tsaga a gefen kunnen hagu, irin yadda aka koya masa tun tana ƙaramar yarinya, don bai taɓa yarda da tawada ba. Bai gaya mata ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Ya dubi wayar da ke kan buhu. A ransa ya ce bari ta kwana ɗaya cikin zullumi tukuna. Gobe da la'asar, Farfesa na kan layi, sai ya ware su a gabanta, kowa ya ji wanda ya ceci aikin.

"Kayya, 'yata," ya ce, "ɓera ai ɓera ne. Ban iya ba."

Washegari ya ɗauki lokacinsa, ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya iso da hantsi. Kejin ya tarar a wanke, an kife su a rana. Amira na zaune a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Ina suke?"

"Na gama da su da safe, Kawu, yadda ka koya min, ba su sha wahala ba. Na sa an ƙone su. Sauran sugan na raba wa maƙwabta, mutane na yunwa ban ga dalilin ciyar da ɓerayen da ba su da amfani ba." Ta goge hanci da gefen mayafi. "Farfesa ya ce in jira, ko akwai dabara. Na ce masa in Kawu Abdulganiyu bai gane su ba, babu mai gane su a Bangui."

Ya zauna a kan keji ɗaya. Kunya ta rufe shi.

"Singila mingi, Kawu," ta yi masa godiya da yaren garin. "Ka yi min iya ƙoƙarinka."